Wai in mutum ya gama digirin lissafi me yake zama?

Tambayar nan ba tawa bace, ta Hajiyarmu ce, kuma sau biyu kenan tana yi min ita, na farko a 2012 da sunana ya fito a jami'a, na biyu kuma satin da ya wuce da sunan autanmu ya fito. Yaron nan kimiyyar kwamfuta ya cike a JAMB, tun yana aji huɗu a sakandare bashi da zance sai ita, sai ga admishan ya fito an tura shi lissafi. Duk wanda ya san jami'o'inmu ya san ba sabon abu bane, sashen lissafi da na fiziks nan ake juye waɗanda suka nemi likitanci ko injiniya ko kwamfuta basu samu gurbi ba. Nima haka aka yi min, injiniyan lantarki na nema.

Bayan isha'i ya shigo ɗakina da waya a hannu yace, "Yaya, in karɓa ko in haƙura in sake JAMB baɗi?" Ban ma buɗe baki ba Hajiya ta jefo tata daga tsakar gida, "Likita dai mun san asibiti zashi, lauya kotu, to shi mai lissafin ina zashi? Kai ɗin ma da kayi har yau ban gane sunan aikinka ba." Baba kuma yana jinmu daga kan tabarmarsa yace ai Iya Abubakar lissafi ya karanta, ya riƙe jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, yayi minista zamanin Shagari, yayi sanata, me kuma ake nema. Nace Baba gaskiya ne, amma a zamaninsu masu digiri a Arewa kaf ɗinta ana iya ƙirga su, aiki ne yake jiran mutum tun bai cire rigar yaye ba, yanzu kuwa a layinmu kaɗai masu digiri sun fi masu aiki yawa.

Sai nace da autan ya ɗauko biro da takarda muyi abun yadda ɗan kasuwa zai yi in an kawo masa tallan haja, uwar kuɗi nawa, yaushe zata fito, ribar nawa, kuma in aka faɗi wace irin faɗuwa ce.

Muka fara da abun da za'a kashe. Anan mutane suke fara yin kuskure, sai su tsaya kan kuɗin rijista. Eh ya tashi, a lokacinmu bai kai dubu talatin ba, a 2023 kuwa jami'o'in tarayya da yawa suka ninka nasu har iyaye suka riƙa kuka a gidajen rediyo, amma duk da haka lissafi yana cikin karatu mafi araha a jami'a, ba farar rigar asibiti, ba allon zane na injiniyoyi, ba fita daji, biro ne da littafi da handawut sai kuma Panadol. Ga NELFUND yanzu, bashin karatun da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, suna biyan kuɗin makaranta su kuma baka dubu ashirin duk wata, babu ruwa a ciki, sai shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa ake fara cirar kashi goma cikin ɗari na albashinka. Na nuna masa wani abu da ya bashi mamaki, nace a ƙaddara farashin kaya yana tashi da kashi 20 cikin ɗari duk shekara (a 2024 ma ya haura 30), to dubu ɗarin da aka ranta maka yau in ka biya ta bayan shekara shida, a ƙarfin saye kamar dubu talatin da uku ka biya, ka raba 100 da 1.2 sau shida ka gani. Wato in dai babu ruwa a bashi kuma naira tana zubewa, mai cin bashin ne da riba. Yace kai Yaya, ashe lissafin yana da amfani. Nace kwantar da hankalinka, bamu zo wajen ba tukunna.

Babban kuɗin da ake biya shekaru ne. A takarda shekara huɗu ce, amma ni ina aji ɗaya ASUU ta tafi yajin aiki a watan Yuli 2013 bata dawo ba sai Disamba, waɗanda suka biyo bayanmu kuma sun fi mu shan wuya, na 2020 ya ci wajen wata tara ga korona a kai, na 2022 daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Ka haɗa da zaman jiran sunanka ya fito a bautar ƙasa da ita kanta shekarar bautar ƙasar, shekara shida ce in Allah ya taimake ka baka samu kariyoba ba, wata 72 kenan. A ƙaddara da wata sana'a ka kama kana samun ko dubu hamsin a wata, miliyan uku da dubu ɗari shida ce ka bari a ƙasa, kuma babu rasit ɗin da zai nuna ka biya ta. Sannan ga bankuna da manyan kamfanoni da suke sa iyakar shekaru in zasu ɗauki sabbin ma'aikata, 26 ko 27, to wanda ya shiga jami'a da shekara ashirin yajin aiki ya cinye masa ɗaya da rabi, kafin ya karɓo satifiket ɗin bautar ƙasa ƙofar ta kusa rufewa. Wannan ma shi ya sa nace masa zancen sake JAMB ba kyauta bane, shekara guda ce zai ƙara a kan shidan, kuma babu wanda ya rubuta masa cewa baɗi kwamfutar za'a bashi.

Ni ina da ma'aunin da nake auna kaina da shi, ɗan kawuna ne, sa'ana, shekarar da na shiga jami'a ya shiga Kantin Kwari yaron shago. Lokacin da nake fama da su epsilon da delta, haruffan Girkan da lissafin jami'a yake cike da su, shi yana ɗaukar dilar atamfa a ka yana kaiwa tasha, ina jin kaina wallahi, in na je wajensa da jakar goyo har wani tausayinsa nake ji. Ranar da na karɓi alawi na farko a bautar ƙasa, naira 19,800, shi maigidansa ya riga ya bashi tebur da jari. Yau shagonsa biyu, ya sauke farali, ya kai mahaifiyarsa. Kuma abun haushin ma ya fi ni saurin lissafi, in kwastoma yace yadi goma sha bakwai na shadda a kaza, a cire masa kaza, kafin in buɗe kalkuletar waya ya faɗi amsa, sai ya kalle ni yace, "Farfesa, a duba mana ko daidai ne." Na gaji da yi masa bayanin cewa abun da muka karanta ba wannan bane.

Don gaskiya ba shi bane. Wanda bai shiga ba yana zaton lambobi ake ta tarawa da ɗebewa masu tsawo, alhali daga aji biyu lambobin ma ɓacewa suke, sai haruffan Girka da hujja. Ban manta ranar da wani malaminmu ya cika allo fam yana tabbatar mana cewa ɗaya ta fi sifili girma ba, ya juyo yana karkaɗe alli daga hannunsa cike da jin daɗi, sai wani daga bayan aji yace, "Malam, dama ana tababa ne?" Aji ya fashe da dariya, malamin bai yi ba, kuma tambayar ta fito a jarrabawa, rabin ajin muka faɗi.

Amma kar a ɗauka ina cewa kowa ya tafi Kwari. Su nawa ne suka shiga kasuwar tare da ɗan kawun nawa, su nawa ne suke da shago yau? Wasu har yanzu a bakin layi suke suna jiran kwastoma su ja shi su samu la'ada, wani maigidan ya riƙe shi shekara goma ya sallame shi da abun da bai kai ya kawo ba, ga gobara irin wadda ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016, ga ruwan da ya shiga Kwarin kanta a daminar 2022 ya jiƙa dukiya, dare ɗaya mutum ya koma sifili. Wanda yayi nasara shi ake gani, shi ake bada labarinsa a majalisa.

Haka ma a ɓangaren namu, kuma nan ne na fi daɗewa da autan. Ya nuna min wani jadawali a wayarsa wai masu digirin lissafi suna cikin waɗanda suka fi kowa albashi, na duba na ga na Amurka ne. Can gaskiya ne, sabida suna da kasuwar da take sayen abun, kamfanonin inshora da suke ɗaukar masu lissafin haɗari, da kamfanonin hada-hadar hannun jari, ai Jim Simons da ya rasu a 2024 malamin lissafi ne a jami'a kafin ya kafa Renaissance Technologies ya zama biloniya da dala. Mu kuwa inshora gaba ɗayanta bata kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arziƙin ƙasar ba, a nan Arewa ma in ka cire takardar mota da ake yi don 'yan sanda wa ka sani yana da inshora? Guraben suna nan amma 'yan kaɗan ne, a kamfanonin fansho da bankuna da kamfanonin sadarwa, kusan duk a Legas da Abuja, jarrabawar zama ƙwararren mai lissafin inshora kuma da fam ko dala ake biyanta, mataki mataki, shekara da shekaru.

Sai na buɗe masa guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinmu nace ga jadawalin da ya shafe ka. Mu hamsin da 'yan kai ne a ciki, na riƙa bin sunaye ɗaya bayan ɗaya ina gaya masa. Wannan malamin sakandare ne, wannan ma, wannan ma, wannan tana koyarwa a makarantar kuɗi da safe da yamma tana lesin a gida, wannan POS yake yi, wannan ya shiga kwastan da hanyar babansa kuma ko tarihi ya karanta zai shiga, wannan yana banki amma ɗan kwantiragi ne, shekara bakwai ba'a tabbatar da shi ba, waɗannan biyun lakcarori ne, wannan ya koma noma da kiwon kaji kuma da alama ya fi lakcarorin kwanciyar hankali. Sai mutum uku da suka yi nisa. Ɗaya ya tafi AIMS, cibiyar lissafin nan da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 take da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, suna ɗaukar nauyin digiri na biyu kyauta har ci da kwana, daga can ya wuce Turai yayi dakta. Ɗaya tana wani kamfanin fansho a Abuja. Na ukun yana nan cikin gari a ɗakinsa da sola da intanet yana yi wa wani kamfanin waje aiki ana biyansa da dala.

In ka tara samun mu duka ka raba da yawanmu, amsar zata yi kyau har ka ce kowa ya karanta lissafi, amma mutum ukun nan ne suka ja ta sama. In kuwa ka jera mu a layi daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba ka taɓa kafaɗar wanda yake tsakiya, malamin makaranta zaka taɓa. Shi ne ainihin amsar tambayar Hajiya, kuma nace da autan duk wanda zai shiga ya shiga da sanin cewa in bai yi wani abu daban ba, nan layin zai ajiye shi.

Ba raina koyarwa nake ba, nayi ta shekara uku. Abu ɗaya da zan faɗa wa digirin nan, mai shi baya rasa aji, duk makarantar da ka shiga da takardarka ana neman malamin lissafi, sabida duk yaron da yake son karatun kimiyya sai da kiredit a lissafi. Matsalar kuɗin ne. Makarantar da na fara dubu ashirin da biyar ake bani, ina ɗaukar lissafi daga aji huɗu zuwa shida, aka haɗa min da fiziks wai ai duk abu ɗaya ne, albashi sai goma ga wata, in anyi dogon hutu kuma babu ko sisi sai an dawo. Lesin ɗin yamma ne yake riƙe ni, gida uku nake zuwa a kan ɗan babur ɗina, lokacin WAEC da NECO kaka ce, bayan nan sai rani. In kana son koyarwar gwamnati da tsari kuma sai ka ƙara PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, kayi rijista da TRCN, hukumar rijistar malamai, tunda digirin naka ba na koyarwa bane, wata shekarar da wani kuɗin.

Ga kuma abun da ya faru da duk mai albashi tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira. Mafi ƙarancin albashi a 2019 dubu talatin ne, dala tana wajen 360, dala tamanin da 'yan kai kenan. A 2024 aka mayar da shi dubu saba'in, dala ta haura 1,500, bai kai dala hamsin ba. An ninka maka albashi fiye da sau biyu kuma ka koma baya. Ɗan kawuna kuwa kayan da suke shagonsa tashi suka yi tare da dalar, ya kwana ya tashi ya canja farashi, abokinmu mai karɓar dala shi kam sai hamdala. Malami fa, wa zai je ya canja wa farashi? Su kansu lakcarorin jami'a sun shafe shekara da shekaru a kan albashin yarjejeniyar 2009, yawancin yajin aikin da ya ci mana shekaru ma a kanta ne.

Yadda na fita daga aji kuwa ba wata bajinta bace. Wani abokina ne yake aiki da wata ƙungiya mai harkar lafiya, suna neman wanda zai gyara musu bayanan da ma'aikatansu suke tattarowa daga ƙauyuka, yace ai ga mai digirin lissafi. Na je da tu-wan ɗina (2:1, sakamakon da yake bin daraja ta ɗaya) ina taƙama, aka ajiye min laftof aka buɗe Excel mai layi dubu goma sha wani abu akace in fitar da adadin yaran kowace ƙaramar hukuma, wallahi na fi minti ashirin ina kallon allon nan gumi yana keto min cikin sanyin AC. Shekara huɗu a jami'a, FORTRAN, wani tsohon yaren rubuta manhaja, aka koya mana, shi ma a kan allo da alli, muka haddace muka rubuta a takardar jarrabawa, ban taɓa ganin yana aiki a kwamfuta ba. Matar da take gwada ni tayi min kara tace in je in dawo bayan wata uku in har da gaske nake.

Wata ukun nan su ne suka nuna min inda kuɗin digirin yake. Na ari laftof, in na dawo daga lesin in zauna har ɗayan dare da bidiyon YouTube, Excel, sannan SQL na zaƙulo bayanai daga rumbu, daga baya Python na rubuta manhaja. Abun da na lura shi ne abubuwan da suke sa wasu su ajiye, ni basu bani tsoro ba, wanda ya saba kwana uku a kan tambaya ɗaya bai ga haske ba kuma bai yaga littafin ba, don kwamfuta tace masa akwai kuskure a layi na arba'in ba zai tashi ba. Sharaɗi, in kaza to kaza, rukuni da abun da yake cikin rukuni, duk mun sha su da wani suna. Haka jarrabawar ɗaukar aiki da kamfanoni suke yi ta lambobi da tunani, mu kam kamar an bamu kyauta ne. To amma fa ko a nan sai na faɗi gaskiya, da abokin nan bai ambaci sunana ba da babu wanda zai san ina yi, kuma a ofis ɗinmu na yanzu wanda yake kujerar kusa da ni tattalin arziƙi ya karanta, ɗayan kuma ilimin ƙasa, albashinmu ɗaya, babu wanda ya taɓa tambayata Real Analysis, kwas ɗin su epsilon da delta ɗin nan.

Shi ya sa abun da na gaya wa autan ba "karɓa" ko "kar ka karɓa" bane kai tsaye. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko yana jin daɗin lissafi ko haƙuri yake da shi, don wanda yake ƙinsa in ya shiga, aji biyu zai fara tara kariyoba ya fito da takardar da ko tallan aiki bata isa ya amsa ba, tunda yawanci tu-wan suke nema, irin su AIMS kuwa sai sakamako mai ƙarfi sosai. Yace yana so, shi ya fi kowa ci a ajinsu, kawai dai kwamfutar ce a ransa. Nace to kwamfutar babu wanda ya hana ka, masu ɗaukar aikin rubuta manhaja abun da ka gina suke cewa ka nuna, kuma daga lissafi zuwa digiri na biyu a kwamfuta ko ƙididdiga hanya a buɗe take, dawowa daga can zuwa nan ne mai wuya. Muka yi sharaɗi, zai karɓa, ni zan saya masa laftof na hannu tun zangon farko kar ya jira aji huɗu lokacin firojet irin yadda muka yi, shi kuma duk hutu, da duk yajin aikin da Allah zai kawo, zai nuna min abu ɗaya da ya haɗa da hannunsa, sannan Asabar zai riƙa zuwa Kwari wajen ɗan kawu ya ga yadda ake juya kuɗi, in ya so ya tsara masa lissafin shagon a Excel tunda har yau a littafi mai bangon kwali yake rubutawa.

Hajiya dai bata gamsu ba, tace duk wannan dogon turancin bata ji sunan aiki a ciki ba. Jiya na ji ta a waya tana gaya wa ƙanwarta wai auta ya samu "injiniyan lissafi", ban gyara mata ba.

Laftof ɗin kuma na je Beirut Road, kasuwar waya da kwamfuta ta Kano, ranar Litinin na taya wani, na ce bari albashi ya shigo, na koma Alhamis mai shagon yace an ƙara dubu goma sha biyar, kuma batirin baya wuce awa ɗaya.